Abin da Riƙe Gidan Tarihin Tsofaffin Motocin Bas Ke Ci wa 'Yan Sa Kai

Ranar 9 ga Disamba, 2005, motar bas samfurin Routemaster ta yi jigilarta ta ƙarshe ta yau da kullum a kan layi mai lamba 159 a birnin Landan, kusan shekara 50 bayan irinta ta fara ɗaukar fasinja a 1956. An ƙera guda 2,876 kafin a daina a 1968, kuma a shekarun da kamfanonin sufuri suke sallamar su, mutane da dama sun saya, wasu don neman kuɗi, wasu kuma don sha'awa kawai. Wanda ya saya don sha'awa yakan gane tun a makon farko cewa kuɗin da ya biya shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da motar za ta ci masa, domin ya ɗauko abu mai nauyin sama da tan 7, mai tsawon fiye da mita 8, wanda tsayinsa ya haura mita 4, ba ya shiga garejin gida, ba a kuma yarda a bar shi a bakin titi. Daga wannan matsala ce akasarin gidajen tarihin bas na 'yan sa kai suka samo asali, wato mutane kaɗan, kowa da motarsa ko rabonsa a cikin mota, suka haɗa kai suna neman rumfar da za ta ɗauke su duka.

Shi ya sa idan aka duba inda waɗannan gidaje suke zaune, za a ga kusan dukansu sun gaji ginin da wani ya gama da shi ne. Gidan tarihin bas na Landan ya fara a 1972 a Cobham, cikin wani gini da masana'antar jiragen sama ta yi amfani da shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma sai a 2011 ya koma sabon gini a Brooklands. Na Lathalmond a Sikotilan yana cikin tsohon ma'ajiyar rundunar sojan ruwa. Na Sandtoft, wanda ya keɓanta da bas masu jan wutar lantarki daga wayar sama, yana kan tsohon filin jirgin saman soja. Na birnin Sidni a Ostareliya, wanda aka kafa a 1986, ya sake buɗewa a 2016 cikin tsohuwar rumfar taragun cikin gari a unguwar Leichhardt. Babu wata ƙungiyar 'yan sa kai da za ta iya gina rumfa mai irin wannan faɗi da tsayi da kuɗin karo-karo, sai dai ta jira wani ya tashi ta shiga. Gadon kuwa yakan zo da larurarsa, domin tsohon rufi yana yoyo, tsofaffin wayoyin lantarki suna bukatar sauyi, kuma idan wurin na haya ne, wa'adin yarjejeniya yana iya cika a daidai lokacin da darajar filin ta tashi, mai wuri ya ce yana son abinsa.

Ruwa ne babban dalilin da ya sa rufi ya zama gaba da komai. Yawancin bas na rabin farko na ƙarni na 20, da wasu da yawa bayan nan, an gina jikinsu ne a kan firam na katako, ko ƙarfe da aka cusa wa katako, sannan aka lulluɓe da fallayen ƙarfe ko alminiyum. Idan robar gefen taga ta bushe ta tsage, ruwan sama yana bi ta nan a hankali ya sauka cikin ginshiƙi, inda ba iska ba rana, ya yi shekaru yana aikinsa ba wanda ya gani. Mota tana iya tsayawa fes, fenti yana sheƙi, amma ranar da makaniki ya kwance fallen da ke ƙarƙashin taga ya soka sukundireba a ginshiƙin, sai katakon ya marmashe masa a hannu kamar wanda gara ta cinye, ƙusoshin da ke riƙe da shi kuma su zube saboda tsatsa ta gama da su. A inda ƙarfe ya haɗu da alminiyum kuma ga danshi, alminiyum ɗin ne yake cinyewa ya zama farin gari. Masu wannan aiki sun san cewa bas da aka bari a fili shekara goma tana iya bukatar aikin da ya ninka shekarun nan kafin ta dawo hayyacinta, don haka tambayar farko da ake yi idan aka yi wa gida tayin mota ita ce inda za a ajiye ta, tun kafin a tambayi tarihinta.

A nan ne gizo ke saƙa, domin wuri ƙayyadadde ne, motocin da ke neman ceto kuwa ba su ƙarewa. Kowane ɗan ƙungiya yana da motar da ta kai shi makaranta yana yaro, kuma a wurinsa ita ce ta fi cancanta. Idan aka bi son zuciyar mambobi, sai gida ya cika da motocin zamani ɗaya, sau da yawa ma samfuri ɗaya, alhali wasu nau'o'in da suka sauya harkar sufuri suna tafiya hannun masu yankan ƙarfe ba wanda ya waiwaye su. Ɗaruruwan Routemaster sun tsira, amma ƙananan bas da suka cika titunan Birtaniya bayan an sakar wa kamfanoni masu zaman kansu harkar a 1986 ba su sami masoya haka ba, saboda ba su da kyan gani kuma an yi su ne don su yi 'yan shekaru a jefar. A ganina, gidan da ya san abin da yake yi shi ne wanda ya iya cewa a'a ga kyakkyawar mota ta huɗu daga samfurin da yake da shi, ya karɓi mummuna wadda ba ta da ta biyu. Abin da ke taimaka wa shugabanni su iya faɗin wannan a'a ba tare da an ɗauke ta gaba ba shi ne rubutacciyar ƙa'ida ta karɓa da fitar da kaya, irin wadda tsarin tantance gidajen tarihi na Birtaniya yake nema kafin ya amince da gida. Darajar mota ma ba kullum take jikin ƙirarta ba. Bas mai lamba 2857 ta birnin Montgomery a Amurka, wadda Rosa Parks, baƙar fata mai fafutukar neman 'yanci, ta ƙi tashi daga kujerarta a ciki ta bar wa farar fata ranar 1 ga Disamba, 1955, mota ce gama-gari da ta yi kusan shekara 30 a yashe cikin wani fili kafin gidan tarihin Henry Ford ya saye ta a gwanjo a 2001, kuma takardu ne suka tabbatar da cewa ita ce.

Akwai kuma batun mallaka, wanda baƙo ba ya gani. A gidaje da dama, wani kaso na motocin da ke rumfa na ɗaiɗaikun mutane ne masu biyan kuɗin wuri, kuma wannan kuɗi yana cikin abin da ke riƙe gidan. Amfaninsa a fili yake, amma mai mota yana da ikon ya ɗauke abarsa ranar da aka saɓa, kuma idan ya rasu, magada na iya sayar da ita ga wanda ya fi tayi, ko da kuwa 'yan sa kai sun zuba mata aikin shekara biyar. Wani kuma yakan kwance motarsa da niyyar gyara, sai ƙarfi ko aljihu ya gaza, ta zauna shekaru a wargaje tana cin wurin mota biyu, ba mai iya yi masa magana saboda yana cikin waɗanda suka kafa gidan.

Idan aka zo gyara, tambayar da ta fi wuya ita ce wace siffa za a mayar da motar, domin bas da ta yi shekara 25 tana aiki ta sha fenti kala-kala, an sauya mata kujeru, wani lokaci har inji. Misalin Landan ya isa ya nuna zurfin lamarin. A babbar masana'antar gyara ta Aldenham, wadda aka rufe a 1986, ana ɗage jikin bas daga kan ƙashinta, wato firam ɗin ƙasa mai ɗauke da inji da tayoyi, kowanne ya bi layinsa na gyara, kuma da yake gyaran jiki ya fi daɗewa, sai a ɗora wa ƙashin duk jikin da ya riga ya kammala. Motar da ta fita da wata lamba sau da yawa ba ita ce ta shigo da lambar ba. Saboda haka mai riƙe da tsohuwar bas ta Landan yau, idan ya ce zai mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta, sai a tambaye shi wanne ɓangare nata yake nufi. Mafita mai ma'ana ita ce a zaɓi wata shekara guda a rayuwar motar wadda ake da hotuna da takardunta, a tsaya a kanta har zuwa launin fenti, tallace-tallacen jiki, yadin kujeru da allon da ke nuna inda ta nufa, sannan a rubuta duk abin da aka cire da abin da aka saka. Wannan rubutun shi ne abin da 'yan sa kai suka fi sakaci da shi, kuma shi ne wanda na baya za su fi nema.

Kayan gyara kuwa sai an yi farauta. Kamfanin AEC da ya ƙera injuna da ƙasusuwan yawancin bas na Landan ya rufe masana'antarsa ta Southall a 1979, Volvo ya saye sashen bas na Leyland a 1988, kamfanin Gardner mai injunan dizal da suka yi suna wajen juriya shi ma ya daina ƙira a shekarun 1990. Lamarin ya fi tsanani ga gida irin na Wythall kusa da Bamingham, wanda ke riƙe da motocin Midland Red, kamfanin da ya riƙa ƙera bas ɗinsa da kansa har zuwa 1970, don haka kayansu ba su yaɗu a kasuwa ba tun asali. Abin da ake yi shi ne a sayi matacciyar mota a riƙa cire mata sassa, a yi musaya da wasu gidaje, ko kuma ƙungiyoyi da yawa su haɗa kuɗi su sa a saƙa yadin kujera ko a zuba robar taga, tunda masana'anta ba ta karɓar ƙaramin oda. Hatta noti da sifana sai an kula, domin tsofaffin motocin Birtaniya suna da awon zare irin na Whitworth wanda sifanar zamani ba ta kama shi daidai. A cikin jikin motar kuma akwai haɗarin da ba a sani ba a da, musamman sinadarin asbestos da aka yi amfani da shi a takalmin birki da kewayen bututun zafi, wanda ƙurarsa ke jawo cutar huhu bayan shekaru masu yawa, kuma cire shi aikin ƙwararru ne masu lasisi, da tsadarsa.

Sai babbar muhawarar da ke raba kan masu wannan harka, wato a tuƙa motar ko a ajiye ta. Ma'aikacin gidan tarihi da ya yi karatun adana kaya zai ce duk tafiyar kilomita ɗaya tana cinye wani abu na asali wanda ba zai dawo ba, kuma hatsari ɗaya ya isa ya shafe motar da ba ta da ta biyu. Makaniki kuma zai ce ajiya ita ma kisa ce, domin motar da ta daɗe a tsaye tayoyinta suna lotsewa, robobin da ke tare mai suna bushewa, birki yana kamewa, batir yana mutuwa, man dizal na zamani mai gaurayen man tsirrai kuma yana jan danshi har ƙwayoyin halitta su hayayyafa a tanki su toshe matata. Gaba kura ce, baya sayaki. Ni dai na fi karkata ga masu tuƙawa, bisa sharaɗi, saboda rabin abin da ake son adanawa ba ya ganuwa a mota mai tsaye: ƙarar inji, girgizar bene na sama a kan kwana, ƙararrawar da kwandasta ke bugawa sau biyu don direba ya tashi. Sharaɗin shi ne a raba motocin gida biyu, waɗanda ba su da madadi su fita sau ɗaya ko biyu a shekara, masu 'yan'uwa da yawa su ɗauki nauyin jigilar baƙi.

Tuƙin kansa ilimi ne da ke neman ɓacewa. A tsohuwar bas mai giyar da ba ta daidaita gudun haƙoranta da kanta, direba yana taka kuloci ya fitar da giya, ya saki, ya saurari inji har ƙararsa ta kai inda yake so, ya sake takawa ya shigar, kuma idan ya yi kuskuren daƙiƙa ɗaya, duk wanda ke cikin motar zai ji haƙoran suna gurzar juna. A samfurin RT na Landan, wanda ya yi aiki har 1979, tsarin daban ne: direba yana zaɓen giyar tun kafin ya bukace ta da wani ɗan hannu a gefen sitiyari, ba abin da zai faru sai ya taka feda ta hagu sannan giyar ta shiga. Ga sitiyari mai nauyi da ba na'urar taimako, ga birki da ke bukatar a fara lissafi tun daga nesa. Ba a koyon wannan a littafi, sai a gefen wanda ya iya.

Da zarar mota ta hau titi da mutane a ciki, doka ta shigo. A Birtaniya motar da ta haura shekara 40 tana samun sassauci a harajin hanya da gwajin lafiya na shekara-shekara, haka ma a kuɗin gurɓata iska da Landan ta fara karɓa a 2019, amma yawancin sassaucin yana da alaƙa da cewa ba kasuwanci ake yi da ita ba. Mai lasin ƙaramar mota yana iya tuƙa bas da ta wuce shekara 30 muddin fasinjoji ba su wuce 8 ba kuma ba a karɓi kuɗi ba, fiye da haka sai mai cikakken lasin bas. Tun Fabrairun 2021 an haramta taya mai shekara fiye da 10 a ƙafafun gaba na bas da manyan motoci, bayan hatsarin 2012 a Surrey inda taya mai shekara 19 ta fashe mutum uku suka mutu, kuma ko da yake an keɓe motocin tarihi da ba na kasuwanci ba, gida mai hankali ba ya fakewa da wannan, domin tayar motar gidan tarihi tana tsufa ne tun zanenta bai goge ba. Wannan iyaka tsakanin kasuwanci da sha'awa ce ta sa a ranakun baje koli ake ɗaukar mutane kyauta, ƙungiya ta nemi kuɗinta ta hanyar sayar da littafin jadawalin ranar. Gidan da ke son ba da hayar mota don biki ko ɗaukar fim kuwa sai ya nemi lasisin kamfanin sufuri, ya bi duk ƙa'idojin duba mota da na direbobi kamar kowane ɗan kasuwa.

Kuɗin shiga ba su da yawa kuma an san su: kuɗin ƙofa, kuɗin mambobi, hayar wuri, ɗan shagon tsaraba, wasiyya, da tsarin Gift Aid wanda ke ƙara wa ƙungiyar agaji fam 25 a kan kowane fam 100 da mai biyan haraji ya bayar. Tallafi daga asusun raya kayan tarihi yakan zo ne don aiki mai suna, kamar sabon gini ko farfaɗo da wata mota, ba don biyan wuta da inshora ba, alhali waɗannan ne ba sa jira. Masu ba da gudummawa su ma haka suke, sun fi son a ce kuɗinsu ne ya tayar da mota kaza, ba wanda ke sha'awar a ce shi ya sayi magudanar ruwan rufi. Gobara kuma tana nan a zuciyar kowa, tunda an tara katako, mai, roba da batura a rumfa ɗaya, motoci suna gogar juna ta yadda ba a iya fitar da ta ciki sai an janye goma, kuma gobarar 2003 da ta cinye ɗaruruwan babura a gidan tarihin babura na ƙasa kusa da Bamingham ta nuna abin da yini ɗaya zai iya yi. Saboda haka ake cire kan batir duk motar da aka ajiye, ake kuma yin walda nesa da rumfar nuni.

Duk wannan yana kan wuyan mutanen da ba a biya, kuma ɗan sa kai ba a ba shi umarni, sai dai a roƙe shi. Mutum goma za su fito don tayar da inji, amma a sha wahala kafin a sami ɗaya da zai riƙe littafin kuɗi, ya cike takardun hukumar kula da ƙungiyoyin agaji, ya rubuta matakan kariya daga haɗari, ya tsaya a ƙofa ranar sanyi, ko ya wanke banɗaki. Yawancin waɗanda suka kafa gidajen nan a shekarun 1970 da 1980 tsofaffin direbobi ne, makanikai da masu sha'awar da suka taso da motocin, kuma yanzu shekaru sun ja. Da tsohuwar zuma ake magani, amma idan mutum ɗaya ne kaɗai ya san yadda ake daidaita famfon man wani inji, kuma bai taɓa barin yaro ya taɓa ba saboda yana ganin zai ɓata, to ranar da ya kwanta motar ma ta kwanta. Jawo matasa yana bukatar a ba su aiki na gaske, a jure kuskurensu, a kuma yarda cewa motar da ke burge su ita ce ta shekarun 2000, wadda dattawan ke kallo a matsayin kwandon roba.

Baƙon da ke biyan kuɗin ƙofa kuwa galibi bai damu da lambar inji ba. Iyali ne da yara, ko tsohuwar da ta yi aikin kwandasta tana son ta nuna wa jikokinta injin yanka tikiti. Gidan da ya jera motoci da allunan awo kawai yana magana ne da mambobinsa. Wanda ya ba da labarin yadda bas samfurin B na Landan suka kai sojoji fagen daga a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ko yadda hukumar sufurin Landan ta fara ɗaukar ma'aikata kai tsaye daga Barbados a 1956, ko ƙauracewar bas ta Bristol a 1963 da ta tilasta wa kamfani ya daina ƙin ɗaukar baƙaƙe da 'yan Asiya aikin direba da kwandasta, shi ne yake samun makarantu suna kawo ɗalibai, kuma shi masu tallafi suke saurara.

Matsalar da ke tafe ta sha bamban da duk waɗannan. Bas ta 1950 kafinta da maƙeri da makaniki za su iya sake kusan kowane ɓangare nata idan akwai haƙuri da kuɗi. Bas mai daɓe kusa da ƙasa da ta fito bayan tsakiyar shekarun 1990, wadda yanzu ta kai shekarun shiga gidan tarihi, injinta da giyarta da ƙofofinta duk suna karɓar umarni ne daga ƙananan kwamfutoci da aka rufe cikin akwati, kuma idan ɗaya ta mutu, ba a ƙera ta a wurin gyara. Ana bukatar manhajar gano matsala ta kamfanin da ya yi ta, wadda wataƙila ba ta aiki sai a kan tsohuwar kwamfuta mai irin mahaɗin da aka daina yi. Motoci masu batirin lithium da ke biye da su za su zo da batirin da ke lalacewa ko ana aiki da shi ko ba a yi, ga haɗarin wutar da ke da wuyar kashewa a cikin rumfa mai cike da katako. Saboda haka gidan da ya karɓi irin wannan mota yau, sai ya nemi akwatunan lantarkinta na ajiya, wayar haɗi, faifan manhaja da tsohuwar kwamfutar tun motar tana da 'yan'uwa a wurin masu yankan ƙarfe, ya kuma sama musu busasshen wuri a kan kanta kusa da fistin da kwanon giya.